Babi na Shida: Tsakanin Magariba da Lisha

Ranar da aka miƙo mini takardar kama aiki, aka kai ni ofishin rajista aka nuna mini wani ɗan tebur a lungu bayan kabad ɗin fayiloli, aka ce nan ne mazaunina, na ɗauka a raina cewa wahalar duniya ta ƙare, abin da ya rage mini shi ne in riƙa sammako, in yi ladabi ga na gaba da ni, in kiyaye amanar takardun da aka damƙa mini, sauran al'amari kuwa, wato ƙarin girma da ƙarin albashi da kwarjini a idon jama'a, zai riƙa zuwa da kansa kamar yadda damina ke biyo bayan bazara. Duk sa'o'ina haka suka ɗauka, ba kuwa za a ga laifinmu ba, domin mun shiga aiki ne a zamanin da ƙurar Udoji ba ta gama lafawa ba. Hukumar nan da Jerome Udoji ya shugabanta ta miƙa rahotonta a 1974, ta jera ma'aikatan gwamnati bisa matakai 17, tun daga masinja har zuwa babban sakatare, aka ƙara albashi, aka kuma biya na watannin baya a dunƙule, har kasuwa ta ɗauki zafi, keke da rediyo da babur suka yi daraja, iyayen 'yan mata suka fara duban ɗan akawu da idon rahama. Yaron da ya taso ya ga wannan, aka kuma ce masa ga tsani mai matakala 17 an jingina masa, me zai gani a duniya in ba tsanin ba?

Abin da ban lura da shi ba sai da shekaru suka tura shi ne, tsanin nan aro aka ba ni, mai shi kuwa yana iya janye abinsa ran da ya ga dama. Alhali ga aya a gabana tun ran farko. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da masu laifi da waɗanda tsautsayi ya rutsa da su, da yawansu a rediyo suka ji labarin korarsu. Akwai wani dattijo cikin waɗanda guguwar ta kwashe, wanda ya yi shekara da shekaru yana riƙe da sashenmu kafin zuwana, kullum da hantsi sai ya ci ado da babbar riga, ya zo ya zauna a kan benci ƙarƙashin dalbejiyar da ke ƙofar ma'aikata, yana gaisawa da masu shiga da masu fita, yana tambayar labarin fayilolin da ya bari, har azahar ta yi ya tashi ya tafi. Mu yara muna tausaya masa, muna cewa talauci ne ya fito da shi. Daga baya na fahimci ba yunwa ke kawo shi ba, yana da gona, yana da gidan haya. Bai dai san kansa a ko'ina ba sai a ƙofar nan, da aka raba shi da tebur sai ya rasa inda zai ajiye yininsa.

Karatun da na fara yi wa kaina, ba malami a kaina, karatun hawa tsani ne, ba zan ɓoye ba, ba kuma zan raina shi ba. Na shiga aiki da ƙaramar takarda, na kuwa ga cewa mai ƙaramar takarda, kome ƙwazonsa, akwai matakin da in ya kai sai ya tsaya cik, yana ji yana gani yaran da ya koya wa yadda ake buɗe fayil su zo su wuce shi saboda sun riƙo digiri. A wancan zamani hanyar da ma'aikaci ke bi ya ƙara ilimi bai bar aikinsa ba ita ce karatu ta gidan waya. Akwai makarantu a Ingila, irin su Wolsey Hall ta birnin Oxford da Rapid Results College, waɗanda in ka biya za su riƙa aiko maka da darussa cikin ambulan, ka karanta, ka amsa tambayoyi ka mayar musu, bayan makonni takardarka ta dawo da gyaran jan biro na wani malami wanda har abada ba za ka ga fuskarsa ba. Hanya ce tsohuwa wadda manya suka bi: tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga waɗanda ba su zauna a cikinta ba, ta nan ne Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 10, ya sami digirinsa a 1928 yana malamin makaranta, ta nan ne kuma Obafemi Awolowo ya sami digirin kasuwanci kafin ya tafi Ingila karatun lauya.

Ni ma sai na bi sahu. Bayan Lisha in goge gilashin fitilar ƙwai, in cika ta da kananzir, in shimfiɗa tabarma, in tasa tarihi da tattalin arziki da Turanci a gaba, har ƙwari su kewaye fitila idona ya fara yaji. Ran Asabar kuma in hau keke zuwa gidan waya, gabana na faɗuwa, in duba ko ambulan ya iso. Shekara uku ina cikin wannan hali kafin in ci jarrabawar da ta kai ni jami'a. A nan na gane cewa mutum yana iya zama malamin kansa, muddin ya iya yanka wa kansa darasi, ya kuma ƙi yi wa kansa afuwa ran da kasala ta zo. Amma duk da haka muɗala'a ce wadda idonta ke kan wani abu daban, domin ban taɓa buɗe littafi a shekarun nan ba face ina tambayar kaina ko wannan shafi zai fito a jarrabawa, shafin da na tabbata ba zai fito ba kuwa, kome daɗinsa, tsallake shi nake yi.

Masu cewa wahalar aiki a ƙasa take, in an hau an huta, ba su hau ba ne. Ƙaramin akawu in lokacin tashi ya yi sai ya kulle aljihun teburinsa, ya bar aikin gwamnati inda ya same shi. Wanda ya kai tsakiyar tsani shi ke tsaka mai wuya, na sama su sauke masa fushinsu, na ƙasa su ɗora masa kokensu, in aiki ya yi kyau sunan wani za a ambata, in ya ɓaci shi za a miƙa wa takardar tuhuma. Na kai wannan matsayi ne daidai lokacin da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda kowa ya sani da sunan SAP, darajar naira ta yi ta zubewa, albashin da a da ke kai mu ƙarshen wata har a yi ajiya ya koma da ƙyar yake ganin tsakiyar wata. Ga shi kuma a ƙasarmu mai albashi ba na kansa ba ne shi kaɗai: kuɗin makarantar ƙanne, da maganin gyatuma, da gudummawar biki da suna, da baƙon da zai sauka daga ƙauye da takardun ɗansa a hannu yana cewa kai ne gatanmu, duk wannan ɗan abin suke jira. Ba kuka nake da wannan ba, zumunci ne, da shi kuma aka rene ni. Na faɗa ne domin mai auna nauyin da ke kan ma'aikacinmu ya san ba a ofis kaɗai ake ɗora masa kaya ba.

Ana cikin haka aka danne mini ƙarin girma sau biyu a jere. Na ci jarrabawa, na cika shekarun da ƙa'ida ta ce, rahoton da shugabannina ke rubutawa a kaina duk shekara ba shi da tabo, amma in jerin sunaye ya fito sai in duba sama da ƙasa ban ga nawa ba, in na bi sawu a ce fayil ɗina ya yi ɓatan dabo, ko a ce babu gurbi, alhali ga wanda na riga shiga aiki an ba shi gurbin. Ban iya zuwa gaisuwar dare gidajen manya ba, ban kuwa iya kai tsegumi ba, saboda haka na kama hanyar da na sani, wato in ƙara aiki a kan aiki, la'alla a ga ƙoƙarina a ji kunya. Lokacin shirya kasafin kuɗi sai in kwana uku ban ga 'ya'yana a farke ba. Barci ya ƙaurace mini, in na kwanta lissafi ke yawo a kaina, in na ta da salla sai in rasa raka'a nawa na yi, abinci ya fita raina, aikin da a da nake alfahari da shi ya zama in na hango ƙofar ma'aikata sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Sai a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a kundinta, a matsayin yanayin da doguwar takurar aiki ke haifarwa, mai zuwa da ƙarewar kuzari, da fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Mu a lokacinmu ba mu da suna gare shi, in ka yi ƙorafi sai a ce ka cika raki, ka gode wa Allah da kana da aikin.

Abin da ya farkar da ni ƙaramin abu ne. Wata rana da dare ina zaune a tsakar gida na baza takardun ofis a kan tabarma, sai 'yata, lokacin tana 'yar shekara shida, ta zo da allonta tana murna an yi mata ƙari, tana so ta biya mini. Ta ce, "Baba, ka ji." Ban ɗaga kai ba. Ta sake cewa, "Baba, ka ji karatuna." Sai na daka mata tsawar da ni kaina ban san ina da irinta ba, allon ya suɓuce ya faɗi a kan takarduna, ta tsaya tana kallona, ba ta yi kuka ba, ta sunkuya ta ɗauki abinta ta rungume ta koma ɗaki. Uwarta tana bakin murhu tana gani, ba ta ce uffan ba sai da yara suka yi barci, sa'an nan ta zo ta zauna daga gefe ta ce, "Malam, aikin nan yadda ka tarar da shi haka za ka tafi ka bar shi, wani ya hau kujerar. Yaran nan kuwa ba su da wani uba sai kai." Ba a yi mako ba jiri ya kwashe ni a matakalar ofis, aka kai ni asibiti, likita ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce jinina ya hau ƙwarai. Ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri, kana ya tambaye ni abin da nake yi in na tashi daga aiki. Na ce aiki. Ya ce to, wannan kam ba shi da ƙwayar da zai rubuta mini a kansa.

Ina da wani maƙwabci tela, mutum mai fara'a wanda bai taɓa shiga ajin boko ba, kullum in an idar da Magariba sai in ga ya rataya gafaka ya bi wani lungu. Cikin hutun jinyar da aka ba ni zaman gida ya ishe ni, na ce ya tafi da ni. Zaure ne na ƙasa, an shimfiɗa tabarmi, malam yana zaune a kan buzu ya jingina da bango, fitila ɗaya a gefensa, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da littafinsa, ba kuwa littafi ɗaya suke karantawa ba. Ga mahauci da Ahalari, ga ɗan tireda da Iziyya, ga direba da Risala, ga wani saurayi da ya yi nisa ya kai Muhtasar. In layi ya zo kanka sai ka matso, a bi Larabcin gaɓa-gaɓa, malam yana fassarawa da Hausa kalma bayan kalma, kai kuwa kana cewa na'am, in ya ga ka ɗauki abin da za ka iya riƙewa sai ya tsaya ya yi maka addu'a, ka ja da baya na gaba ya matso. Wanda ya gama nasa ba ya tashi, zama yake ya saurari na wasu, saboda haka mai Ahalari yana jin Risala shekaru kafin ya kai ta, mai Muhtasar kuma kullum yana muraja'ar Ahalari bai buɗe ta ba. Ban taɓa ganin tsarin koyarwa mai hikima da sauƙi irin wannan ba, babu rajista, babu kuɗin makaranta sai sadakar da ranka ya ba ka, babu jarrabawa, babu ranar gamawa.

Da aka tashi malam ya dube ni ya ce, "Malam Akawu, da me aka zo?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban zo da kome ba, na yi sauka ina yaro, daga nan boko ya ɗauke ni." Ya ce, "To, gobe a zo da Ahalari." Na ji abin ya soke ni, domin a ganina mai digiri ya wuce a zaunar da shi gefen mahauci a kan ɗan littafin tsarki da salla wanda masu farawa ke farawa da shi. Amma na zo, aka soma, kafin mu fita daga fasalin rafkanuwa na gane cewa shekara da shekaru ina ƙabli da ba'adi ne bisa zato, mahaucin nan kuwa shi ne ke tsayawa bayan Lisha yana warware mini inda ya shige mini duhu. An ce gemu ba ya hana ilimi, digiri ma bai kamata ya hana ba.

Na daɗe ina neman dalilin da ya sa wannan ɗan lokaci, wanda bai fi sa'a guda da 'yan mintoci ba, ya yi mini maganin da ƙwayoyi su kaɗai ba su yi ba, alhali shi ma karatu ne mai buƙatar tara hankali, a wasu wurare ma ya fi lissafin kasafi wuya. Abin da na gano shi ne, gajiyar da ke cin ma'aikaci ba ta yawan motsi ba ce, domin manomi ya fi shi motsi amma yana barci har da minshari. Gajiya ce ta wanda ke zuba ƙarfinsa a inda natija ke hannun wani, yana shuka bai san ko za a bar shi ya girba ba. A zauren nan kuwa abin da na karanta yau ya zama nawa, babu mai ɓatar da shi, babu mai ce mini ba gurbi, ba wanda ya san matakin albashina balle ya auna ni da shi. A nan ne malam ya ba mu labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci Abud Darda'i, Allah ya yarda da su, ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya shagala ga barin iyalinsa, ya sa shi ya ci abinci ya yi barci, ya tuna masa hakkin jikinsa da na iyalinsa tare da hakkin Ubangijinsa, da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Na koma gida ina jujjuya wannan a raina: in ibada ma ba a yarda ta cinye waɗannan hakkoki ba, ina ga fayil?

Magabatanmu ba su ɗauki yawan hidima uzurin barin alƙalami ba. Malam Abdullahi na Gwandu yana riƙe da ragamar ƙasa ya rubuta tafsirinsa Liya'ut Tawili, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, tsakanin yaƙi da gina ribaɗi da sauraron ƙara, ya wallafa littattafai har a fannin magani. A zamanin boko ma haka ne. Da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933 daga Zariya, akwai malaman makaranta cikin waɗanda suka amsa, a lokacin hutawarsu suka yi rubutun: Abubakar Tafawa Balewa yana koyarwa a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, wanda ya zama sanadin kiransa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, kana a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Yau in an ambaci Imam ba mai tambayar nawa ne albashinsa a Midil.

Abu na biyu da ya riƙe ni lambu ne. Akwai wani ɗan kango bayan gidana inda ake zubar da shara, na share shi, na sa aka kawo takin tumaki, wani tsohon mai lambu daga fadama ya zo ya nuna mini yadda ake ta da fangali, a daidaita ƙasarsa yadda ruwa zai kwanta bai gudu ba. Shekarar farko asara na yi, na cika wa irin albasa ruwa har ya ruɓe. Tsohon ya zo ya tsuguna, ya tura yatsa cikin ƙasa ya ce, "Ɗana, ba kullum take jin ƙishirwa ba, tambayarta ake yi." Tun daga ranar, kowace safiya bayan Asuba, kafin in sa kayan ofis, sai in fita da guga, in tsuguna in tura yatsa. Da hunturu ruwan rijiya yakan fito da ɗumi tururi na tashi a kansa, ƙamshin ganyen tumatir ya kama yatsu, har a ofis in na ɗauki biro ina jin sa. 'Yar nan tawa ita ta zama mai riƙe mini butar ban ruwa, a bakin fangalin nan ta riƙa biya mini karatunta tun tana Sabbi har ta yi sauka. Ko a 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna har kwando ya gagari talaka, ni ma ta share mini fangali huɗu cikin 'yan kwanaki, na yi baƙin ciki, amma baƙin ciki ne mai tsabta wanda ba ya hana barci, domin ba wanda ya zalunce ni. Lambun bai taɓa ba ni kuɗin kirki ba, ban kuwa nema ba. Nakan ji ana yi wa matasa huɗuba cewa duk abin da suke sha'awa su mayar da shi hanyar kuɗi. Wanda larura ta sa shi haka ba na ganin laifinsa, amma ya sani ran da ya fara ƙirga ribar abin da yake ɗebe kewa da shi, ya yi wa kansa sabon ubangida ne, sai kuma ya nemi wani wurin hutawa.

Ƙarin girman ya zo daga baya, ba zan kuwa ce zaure ko lambu ne suka kawo shi ba, shugaba ne ya sauya, wanda ya zo ya duba fayiloli da adalci. Amma na daina kai takarda gida, na koyi in ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai samu yau ba sai gobe da hantsi," na kuwa ga ba abin da ya ɓaci, hasali ma aikina ƙara tsabta ya yi, domin hankalin da ya huta ya fi ganin kuskure. Akwai kuma gaskiyar da tilas in faɗa: wannan sa'a da nake alfahari da ita, gumin matata ne ya saya mini ita, ina zaure tana fama da tuwo da wankan yara. Ma'aikaciya mace in ta tashi daga ofis wani aikin take tararwa a gida, tsakanin Magariba da Lisha a bakin murhu yake ƙare mata. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta naɗa mata masu muƙamin jaji suna kai karatu ga matan ƙauyuka, ta san mace ma tana da rabo a wannan ni'ima. Na makara kafin in gane haka, sai da yara suka tasa na tsaya tsayin daka ta shiga Islamiyyar matan aure, ranakun karatunta kuwa ni ke zaman gida.

Ɗan zamanin yau ya fi mu samun sauƙi ta wata fuska. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wadda aka kafa a 1983 aka dakatar da ita a 1984, ta dawo aiki tun farkon shekarun 2000, darasin da muke jira makonni a gidan waya yanzu yana cikin wayar da ke aljihunsa. Amma ita wannan waya ita ce kuma igiyar da aka ɗaure shi da ita, domin a zamaninmu fayil sai ka ɗauke shi da hannunka ka kai gida, yanzu shi ke bin ka ta WhatsApp har kan shimfiɗa. Ya kai ɗana mai hawa tsani, hau, Allah ya ba da sa'a, ka yi karatun jarrabawa da himma, kada ka yi wa aikin da ake biyanka ha'inci. Amma ka keɓe sa'a guda a yini wadda ba ka sayar wa kowa ba, ka kashe waya, ka buɗe littafin da ba za a tambaye ka shi a jarrabawa ba, ko ka sa hannu a ƙasa. Ku kuma shugabanni, ku ji tsoron Allah game da daren waɗanda ke ƙarƙashinku, yininsu kuka yi ijara, ba rayuwarsu ba.

Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce in mutum ya cika shekara 35 yana aiki, ko 60 da haihuwa, ya sauka. Ran da tawa ta cika aka yi mini walimar sallama, aka karɓi makullin ofis, na fito ta ƙofar nan, dalbejiyar tana nan, bencin ma yana nan, na wuce su na tafi gida, da Magariba ta yi na rataya gafakata kamar kullum. Malaminmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, babban ɗansa ne ke kan buzun, tela maƙwabcina ma ya riga mu gidan gaskiya. Yanzu muna babin ciniki a Muhtasar, ni da wani mai gyaran babur da ɗan mahaucin nan, albasar bana kuwa saura mako biyu a dasa ta.